TUNA BAYA: Likita Ba'indiye da Ya Zauna a Garinmu



A taronmu na ƙarshen watan jiya a nan Sabo, Ibadan, bayan an gama maganar kuɗin wata da ta'aziyyoyi, sakatare ya karanta saƙon da aka aiko daga gida. Saƙon gajere ne. An turo wa asibitinmu likita mai bautar ƙasa, yaro ne ɗan Kudu, bai cika wata biyu ba, ga shi har ya fara neman a mayar da shi birni. Nan take ɗaki ya kaure da surutu. Wani ya ce yaran yanzu ba su da juriya. Wani ya ce dama ɗan Kudu ba zai zauna mana a ƙauye ba. Sai wani dattijo daga cikinmu, wanda bai cika magana a taro ba, ya ce, "To Likita Ba'indiye fa? Shi daga wace Kudun ya zo?" Aka yi dariya, daga nan kuma aka yi tsit, domin mu da muka haura hamsin duk mun san wanda yake nufi, kuma mun san abin da muka yi masa.

Mun tashi daga taron ba mu yanke komai ba, amma maganar ta bi mu har gida. Shi ya sa mu 'yan tsirarun da muka yi yarinta a zamaninsa muka zauna, kowa ya kawo abin da ya tuna, muka haɗa wannan rubutu saboda ƙannenmu da 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda ba su san garinmu ya taɓa yin likita daga ƙetaren teku ba. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, domin akwai abin kunya a cikin labarin, kuma kunyar tamu ce.

Ga waɗanda ba su riski lokacin ba, shekarun 1970 shekaru ne na kuɗin mai. A 1976 aka ƙara jihohi suka zama 19, a shekarar kuma aka fara shirin UPE na ilimin firamare kyauta, wanda shi ya kwashe yawancinmu daga bin awaki ya zuba a aji. Gwamnatoci suna ta gina makarantu da asibitoci, har gini ya fi ma'aikata yawa. Sai jihohin Arewa suka shiga ɗauko malamai da likitoci daga Indiya da Pakistan da Masar da Filifin a kan kwantiragi. Duk wanda ya yi sakandare a Arewa a wancan lokaci, da wuya a ce Ba'indiye bai koya masa lissafi ko kimiyya ba. Mu a Jihar Kaduna muke a lokacin, don ba a yanke Katsina ba sai 1987. Garinmu na noman auduga ne da dawa, hanyarmu ta burji ce, in damina ta yi nisa sai babbar mota ke iya shiga. An gina mana ɗan asibiti a bayan gari, da ɗakin kwanciyar maza da na mata, da gidan likita mai rufin kwano a gefe. Gidan ya daɗe a rufe, jemagu ne kawai a ciki. Baba Disfensa shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da magani.

Cikin hunturu aka kawo shi, a motar ma'aikatar lafiya. Da labari ya iso makaranta cewa Ba'indiye ya zo, ko bulalar hedimasta ba ta tsayar da mu ba. Mun riga mun san Indiyawa, ko haka muka ɗauka. Yayyenmu da suke kai auduga Funtuwa da Zariya suna shiga sinima, in sun dawo su kwana suna ba mu labarin Sholay, har da yadda ake faɗa da yadda ake rawa. Muna jiran dogon mutum fari mai gashi kamar Amitabh Bachchan. Sai ga gajeren mutum, baƙi wuluk, ya fi wasu Fulaninmu duhu, da tabarau, ya naɗe wuya da mayafi, leɓɓansa duk sun tsage saboda sanyi. Bayansa matarsa ce rungume da jariri, tana kallon ƙurar da ta rufe gari kamar za ta yi kuka.

Muka jera a bakin waya muna jefa masa 'yan kalmomin Indiyancin da muka tsinta a bakin yayyenmu. Ko gezau. Muka ce girman kai ne. Sai daga baya Baba Disfensa ya yi mana bayani: mutumin daga Madras yake, garin da yanzu ake kira Chennai, can kudancin Indiya a bakin teku, harshensu Tamil ne. Harshen finafinan nan Hindi ne, na mutanen arewacin ƙasar, kuma a wurinsa baƙon yare ne kamar yadda Yarbanci yake a wurinmu a lokacin. A jiharsu har tarzoma aka yi a 1965 don ƙin a ɗora musu Hindi. Ashe dai shi ma ɗan Kudu ne.

Yanzu da muka girma muke auna abin da ya tarar. Mutumin da ya tashi a birni mai lantarki da jirgin ƙasa da iskar teku, ya wayi gari a wurin da fitilar ƙwai ce haske, ruwa sai an ja a rijiya, firjin ajiye allurar rigakafi ma da kananzir yake aiki. Wasiƙa daga gida sai ta yi makonni. In yana son jin muryar mahaifiyarsa sai ya yi tafiyar yini zuwa birni ya bi layin tarho. Da daddare mukan hango shi a baranda, ya manna kunne a rediyo yana ta murɗa ta, yana neman tashar da ke ba da labarin wasan kurket. Mu a ganinmu mai kuɗi ne yana hutawa. Ba mu san kaɗaici ba ne.

Saɓanin farko a kan abinci aka yi shi. Dagaci ya aika masa da zakaru biyu da ƙwaryar ƙwai na maraba. Likita ya yi godiya ya mayar da su. Kafin la'asar zancen ya zaga gari: baƙo ya mayar wa Dagaci kyauta. Sai da Baba Disfensa ya je fada ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Mutumin nan ba ya cin nama, ko ƙwai ba ya ci, haka suka tashi a gidansu." Dagaci ya yi shiru, ya ce, "To me yake ci? Ciyawa?" Shekara da shekaru ana maimaita wannan tambaya a gari ana dariya.

Matarsa ce ta samo amsa ranar kasuwa. Ta ga tsamiya, ta ga kuɓewa, ta ga riɗi da wake da gyaɗa da busasshen barkono, fuskarta ta sake. Duk abincin garinsu ne. Ta ga zogale a shingen wani gida, ta tsaya tana nuna dogayen 'ya'yansa, waɗanda mu ganye kawai muke tsinka mu bar su su bushe a sama. Su miya suke yi da su, suna kiran bishiyar murungai. Daga ranar muka samu sana'a: mu hau zogale mu kakkaɓo mata, ta ba mu alewa. Shi kuma Likita, wata safiya ya karya reshen darbejiya ya yi asuwaki da shi, ya ce mana wannan bishiya daga ƙasarsu take, a zamanin Turawa aka kawo ta. Ba mu yarda ba. Yaya za a ce darbejiyar da muke karatun allo a ƙarƙashinta baƙuwa ce? Sai da muka yi sakandare muka gane gaskiya ya faɗa.

Fura kuwa da fari ƙin ta ya yi. Wata rana da bazara, zafi ya kai zafi, ya ɗanɗana a kofin Baba Disfensa, ya tsaya shiru, sannan ya ce manoman yankinsu ma haka suke dama gero da nono mai tsami su sha lokacin zafi. Daga nan kullum da azahar sai an kai masa, sharaɗinsa ɗaya, a dama da ruwan da aka tafasa.

A asibiti abin ya fi wuya, domin can rai ne a gaba. Ya koyi 'yan kalmomi, yana zaga marasa lafiya yana tambaya, "Yaya jiki?" Kowa ya ce, "Da sauƙi." Sai ya rubuta cewa an samu sauƙi, har ya sallami wani tsoho da ke numfashi da kyar. Baba Disfensa ne ya tare shi ya ce, "Likita, Bahaushe ko yana kan gargara da sauƙi zai ce maka. Kada ka saurari bakinsa, ka dubi jikinsa." Mu ma mun sha ruɗewa da shi. In ka tambaye shi abu ya yarda, sai ya kaɗa kai gefe da gefe, mu kuwa a wurinmu wannan a'a ne. Mutane nawa suka juya gida da fushi alhali cewa ya yi to.

Sannan ba ya gaisuwa. Dattijo zai shigo, kafin ya zauna an ce masa, "Me ke damunka?" Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba yaya iyali. Tsofaffi suka ce likitan nan ba shi da tarbiyya. Ga maganar allura: mutanenmu in ba a tsira musu allura ba, ba a yi musu magani ba. Ya ba da ƙwaya, a fita a watsar a bakin waya, a tafi wurin mai allurar kasuwa. Ya tambayi shekaru, babu wanda ya sani, sai da ya koyi tambaya da shekarar da aka kashe Sardauna, da yaƙin basasa, da farin 1973. Ya tambayi mace sunan ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shi kuma ya hau faɗa. Da ya ba matarsa labari sai ta yi dariya, ta tuna masa cewa mahaifiyarta ma har ta tsufa ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Kunya dai ba a garinmu kaɗai take ba.

Kada a ɗauka waliyyi muke ba ku labarinsa. Mutum ne mai zafin rai. In an kawo mara lafiya a makare sai ya daka wa mutane tsawa a gaban jama'a, babba da yaro, kuma kalmar da ya fara riƙewa da kyau a Hausa ita ce jahilci. Gaskiya yake faɗa sau da yawa, amma yadda yake faɗarta ba mai iya haɗiyewa. Matarsa ta riga shi gane gari. Ita ba ta da ofis, ba ta da tafinta, dole ta koyi Hausa a bakin masu tallar nono da 'yan matan da ke ɗebo mata ruwa. Ta fara shiga gidaje barka da suna, mata suna taɓa zanenta, tana nuna musu irin zanen lallensu. Gidajen kulle da Likita ba ya iya wuce zaurensu, ita har ƙuryar ɗaka take shiga, ta dawo ta gaya masa wace ce ke kwance ba a faɗa ba.

Yanzu mun zo wurin da ya sa muka yi wannan rubutu.

Akwai wani dattijo mai faɗa a ji, dillalin auduga, za mu kira shi Alhaji kawai. Matar ɗansa ta haihu, haihuwar fari. Aka shiga jego yadda aka saba: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma da ganyen darbejiya, kunun kanwa mai kauri, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Bayan suna ƙafafunta suka fara kumbura, in ta kwanta numfashi ya gagara. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara zafin ruwa, aka ƙara kanwa. Ba mugunta ba ce, abin da suka gada ke nan, kuma da shi suka yi nasu jegon. Amma kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana sa jiki ya riƙe ruwa, ga zafi ta ko'ina, sai aiki ya yi wa zuciya yawa ta gaza. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun yi rubuce-rubuce a kan wannan ciwo tun shekarun 1970, domin ya yi yawa a yankinmu.

Sai da ta kai ba ta iya magana aka ɗauko ta a amalanke cikin dare. Likita ya fito da fitila, ya yi mata allura, ya kwana a kanta. Kafin kiran assalatu ta cika. Shi kuma, ga gajiya ga ɓacin rai, ya juya ga mijin a gaban 'yan uwa ya ce da gurɓatacciyar Hausarsa, "Ku kun kashe ta."

Kafin a dawo daga maƙabarta labari ya juye. Allurar Ba'indiye ce ta kashe ta. Dama arne ne mai bautar saniya. Dama an ce ba ya son Musulmi. Asibiti ya zama kango, har waɗanda ke kwance 'yan uwansu suka kwashe su. Masu nono suka daina bi ta gidansa. Mu kuma, mu ɗin nan da muke cin alewar matarsa, muka tara duwatsu bayan sallar isha'i muka yi ta ruwansu a kan kwanon gidansa. Dare uku muna yi. Babu wanda ya aike mu, amma babu wanda ya hana mu. Har yau in muka haɗu, abin da kowa ke tunawa ɗaya ne: ƙarar dutse a kan kwano, da kukan yaronsu a ciki, da yadda aka kashe fitila don kada mu ga inda suke.

An ce ya fara haɗa kaya. Baba Disfensa ne ya je ya same shi ya ce, "Likita, in za ka tafi ka tafi, amma ba ka tafi da bashin gaisuwa ba. Gobe sadakar uku. Tashi za ka yi mu je." Ya ce yana tsoro. Baba ya ce, "Ni ma ina tsoro. Mu je."

Wasunmu suna wurin, muna raba gumba. Muka ga Likita ya doso ƙofar gidan Alhaji a ƙasa, ba a mota ba. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo gaban tabarma ya durƙusa yadda aka koya masa. Ya ce, "Baba, sannu da haƙuri. Allah Ya jiƙanta. Na yi magana marar kyau. A yafe mini." Wuri ya yi tsit, wasu samari har sun fara miƙewa. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya matsa gefe a kan buzunsa ya ce, "Likita, zauna nan." Ya juya ga jama'a ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, wannan haka yake. Amma mu muka riƙe ta a gida tana kumbura, shi kuma ya kwana a kanta bai runtsa ba, ɗana ya gaya mini. Daga yau mutumin nan baƙona ne. Wanda ya sake jifar kwanon gidansa, kwanon gidana ya jefa." A daren nan babu ɗayanmu da bai sha bulala a hannun ubansa ba.

Daga wannan rana abubuwa biyu suka sauya, gari ya sauya, shi ma ya sauya. Ya daina cewa jahilci. Ya ɗauki matarsa da Baba Disfensa, da sabulu da goro, suka je gidan tsohuwar ungozomar gari, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce mata Inna. Bai ce a daina wankan jego ba, ya san ba mai ji. Roƙonta ya yi abu uku: a rage kanwa, a sassauta zafin ruwa, kuma duk mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashinta ya sauya a kawo ta a ranar, kada a jira. Inna ta ce na ukun ta ɗauka, na farko za ta duba, na biyu kuwa babu ruwansa. Ya yi dariya ya karɓa. Da hannunta ta riƙa rako mata asibiti bayan haka, kuma akwai iyayenmu mata da suke raye har yau ta dalilin wannan yarjejeniya.

Ya koyi gaisuwa har ya fi mu ja mata. Da yamma in ya tashi aiki sai ya biya zauren Alhaji a yi hira, a nan Hausarsa ta nuna. Duk wanda ke da ƙorafi a kan asibiti, wurin Alhaji yake kaiwa, Alhaji ya kira Likita su daidaita, magana ba ta kai kasuwa. Da Babbar Sallah, maimakon nama sai a aika masa da nono da zuma da gyaɗa. Su kuma in bikinsu na fitilu ya zo, matarsa ta jera ƙananan kasake da man gyaɗa a baranda ta kunna, ta rarraba wa maƙwabta kayan zaƙi. Bai bar addininsa ba, ba mu bar namu ba. Liman da kansa yake zuwa a auna masa jini.

Wata damina amai da gudawa ya ɓarke, ruwan ƙari da ke asibiti ya ƙare cikin kwana kaɗan, hanya kuma ta yanke. Ya tara mu 'yan makaranta, ya nuna mana yadda ake haɗa gishiri da sukari a tafasasshen ruwa, da kwalbar lemo da ƙaramin cokali a matsayin ma'auni, ya raba mu unguwa-unguwa. Ya ba mu labarin wani likitan ƙasarsu, Dilip Mahalanabis, wanda a 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, ya tsinci kansa a sansanin 'yan gudun hijira kwalara na kashe mutane, ruwan ƙari ya ƙare masa, ya ceci ɗimbin rayuka da wannan haɗi. Tsofaffi suka ce yaushe gishiri da sukari suka zama magani? Alhaji ya sa aka haɗa a zaurensa, ya fara sha a gaban mutane. Lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985 aka shiga yayata ruwan gishiri da sukari a rediyo, mu a garinmu tsohon labari ne. Hannuwan da suka jefi gidansa su ne suka zaga da kwalaben nan, kuma bai taɓa nuna ya san mu ne ba, ko da yake ya sani.

Tafiyarsa ba rigima ce ta kawo ta ba, naira ce. A 1986 aka shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, albashin da yake aika wa iyayensa ya zama ba ya sayen komai in an canza shi. Indiyawa da yawa suka tattara suka koma a 'yan shekarun nan, malamai da likitoci, shi ma ya bi sahu. Alhaji ya ba shi babbar riga da hula. Yaronsu, wanda Hausa ce a bakinsa kamar mu, ya riƙe ƙofar mota yana kuka wai shi ba zai je ƙasar baƙi ba. Mu kuma mun zama samari, muka tsaya daga nesa muna ɗaga hannu. Babu wanda ya karɓi adireshinsa a cikinmu. Babu wanda ya matsa ya ce, Likita, mu ne na duwatsun nan, ka yafe mana. Shi ya iya durƙusawa a gaban gari guda ya nemi gafara da harshen da ba nasa ba, mu muka kasa da namu.

Ba mu gane nauyin abin ba sai da neman abinci ya kawo mu nan. Yawancinmu a bayan tirelar shanu ko ta tumatir muka iso Ibadan. Mun san ranar da aka fara ajiye mana amala da ewedu muka rasa ta inda za mu fara. Mun san yadda ake dariyar Yarbancinmu, da yadda mutum zai shekara ashirin a unguwa sunansa bai wuce Aboki ba. A watan Fabrairun 2021, da rikicin kasuwar Shasha ya tashi daga saɓanin mutum biyu ya cinye shaguna da gidaje da rayuka, wasunmu sun kwana a ɗaki da 'ya'yansu, fitila a kashe, suna jin hayaniya a waje. Ɗayanmu ya ce a daren nan ba abin da ya faɗo masa sai gidan Likita. Kuma waɗanda suka tsira da dama, wani maƙwabci Bayarabe ne ya tsaya a ƙofa ya ce waɗannan mutanena ne.

Mu mutanen Sabo bai kamata a koya mana wannan ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916, a kan tsarin maigida take tafiya. Baƙo ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, yana da maigidan da zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da masu ciniki, ya tsaya masa in magana ta taso. Ba don haka ba, da babu Bahaushen da ya yi kasuwanci a ƙasar Yarbawa. To likitan da aka turo ƙauye shi ma baƙo ne, kuma ya fi falke buƙatar maigida, domin shi kayan cinikinsa rayukan mutane ne, kuma dole wata rana wani ya mutu a hannunsa. Likita Ba'indiye bai zauna don yana da juriya fiye da yaran yanzu ba. Ya kusa tafiya a shekararsa ta farko. Ya zauna ne don Baba Disfensa ya riƙe hannunsa, Alhaji kuma ya matsa masa a buzu.

Bayan taro mun buga waya gida mun bincika halin da yaron nan yake ciki. Gidan likita yana yoyo. Babu ruwa sai ya saya. Daren da ya iso babu wanda ya kai masa ko kwanon tuwo, har yau kuma babu dattijon da ya taka ya je ya ce masa sannu da zuwa. Ba ya jin Hausa, mai yi masa tafinta sai ya ga dama. Kirista ne, babu wanda ya nuna masa inda 'yan uwansa suke taruwa ranar Lahadi. Ga halin da hanyoyinmu suke ciki na rashin tsaro, wanda mu 'yan gari ma sai mun yi addu'a muke bi. Iyayensa suna can hankalinsu a tashe, kamar yadda namu yake tashi in 'ya'yanmu da suka karanta likitanci suka tafi aiki Saudiyya ko Ingila aka tura su wani ƙaramin gari da ba su san kowa ba. Da wane baki za mu ce ba shi da juriya?

Don haka ga abin da za mu gabatar a taro mai zuwa, muna roƙon kowa ya zo da shawararsa. Na farko, shugabanninmu su yi magana da Dagaci a samu gida guda mai mutunci da zai zama mai masaukin likita, wannan da duk wanda zai biyo bayansa, a san cewa baƙon wane ne. Na biyu, a cire daga asusun ƙungiya a gyara rufin gidan, a sa masa sola da tankin ruwa. Na uku, a samu ɗaya daga cikin yaranmu da suka gama sakandare ya riƙa yi masa tafinta yana koya masa gaisuwa, mu ɗauki nauyin ɗan abin da za a ba shi. Na huɗu kuwa ba ya cin ko kwabo: kowa ya ja kunnen gidansu a riƙa kai mara lafiya da wuri, in kuma Allah Ya yi ikonSa a kan wani, kada a ɗora wa baƙo. Mu da muke nan Kudu, waɗanda suke jin yaren yaron nan su kira shi su gaishe shi da harshen uwarsa. Mun san abin da wannan yake yi wa zuciyar baƙo.

Wataƙila duk da haka ya tafi in shekararsa ta cika, wannan haƙƙinsa ne. Amma ya tafi yana gaya wa na bayansa cewa garin nan suna riƙe baƙo.

Allah Ya jiƙan Alhaji da Baba Disfensa da Inna ungozoma, da baiwar Allah da ta rasu a wancan dare. Likita kuwa, in yana raye, muna roƙon Allah Ya sa wani ya kai masa labari cewa yaran nan sun girma, sun yi furfura a garin wasu, kuma suna neman afuwa. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya mayar da kowa gida lafiya.

Wassalam. Daga 'yan uwanku na Sabo, Ibadan.